Taku Ashirin

Kwaɗon ƙarami ne, irin wanda ake maƙala wa akwatin tafiya. A hanyar dawowa daga aiki na saye shi, na buga wa murfin ɗakin saman rufi sakata, na datse, na zura makullin a zoben makullan motata. Ba don ɓarawo na saye shi ba. Ɗana na kulle wa ɗakin, yaro ɗan shekara 10, a kan laifin da bai aikata ba. Kwana 19 kwaɗon ya yi a wurin.

A Leeds muke zaune, a arewacin Ingila, ina aikin famasi. Yini nake ina karanta lambobi a jikin kwalaye ina ƙirga ƙwayoyi, kuma aikin ya sa mini wata ɗabi'a da nake taƙama da ita: abin da ke rubuce a takarda shi ne gaskiya, abin da mutum ya faɗa da baki kuwa sai an bincika. A wurin aiki wannan ɗabi'a tana ceton rai. Ban dai lura cewa ina tahowa da ita gida ba.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ma'aikacin reluwe ne a Zariya. Yana cikin masu bin taragu da 'yar guduma idan jirgi ya tsaya, suna ƙwanƙwasa ƙafafun ɗaya bayan ɗaya suna saurare, domin amon ƙafa mai lafiya daban yake da na mai tsaga. Ban taɓa ɗaukar aikin nan a bakin komai ba har ya rasu ina ƙasar waje, aka binne shi kafin in gama neman tikitin jirgin sama. Sunansa ɗana ya ci, shi ya sa ba mai kiran sunan a gidanmu. Abba muke ce masa.

Bayan rasuwar da 'yan watanni na kai yara York, gidan tarihin jiragen ƙasa da aka buɗe a 1975. Babban zauren wurin a da rumfar kwanan kawunan jirgi ce, kuma har yanzu faifan juya kan jirgi yana tsakiyarsa: wani faffaɗan rami mai da'ira, da gada guda a kansa mai ɗauke da layin dogo, tana juyawa a kan cibiyarta. Abba ya riƙe ƙarfen shinge ya ƙi matsawa. Ya ce, "Baba, don me ake juya shi?" Na ce kan jirgi mai aiki da gawayi yana da gaba yana da baya, taragon gawayinsa da ruwansa a bayansa yake, idan ya yi doguwar tafiya da baya direba ba ya ganin hanya sosai, ƙurar gawayi kuma tana shiga idonsa. Saboda haka idan ya kai ƙarshen tafiya sai a hau da shi gadar nan a juya masa fuska. Ina cikin bayanin na ji muryata ta shaƙe, don da bakin mahaifina nake magana.

A Sallar da ta biyo baya na saya wa Abba ƙaramin jirgin wasa. Da sunansa aka saya, wannan kam ba shakka. Ma'aunin da ya fi yawa a Ingila ne, wanda suke kira OO, wato an rage komai sau 76, faɗin layin milimita 16.5. A kan kafet ɗin falo ya fara zagaye. Cikin wata shida ya koma saman rufi a kan katako mai tsawon ƙafa takwas, ya samu tasha da rumfa, ya kuma samu sabon mai shi. Abba ya zama mai miƙo sukundireba.

Abin da ya ja ni ciki har wuya shi ne tsarin sarrafawa. A tsohon yayi, wutar da ka sakar wa layi ita ce gudun jirgi: ka ƙara wuta ya ƙara gudu, ka juya wayoyi ya koma da baya, kuma duk kan jirgin da ke layin dole ya bi. A tsarin DCC, wanda kamfanin Lenz na Jamus ya ƙirƙiro a shekarun 1980, daga baya ƙungiyar masu ƙananan jirage ta Amurka, NMRA, ta mai da shi ma'aunin kowa, wuta tana kan layi ko da yaushe, kuma a cikin wutar ake aika saƙo. Tana kaiwa tana komowa tsakanin ƙarafan layin biyu sau dubbai a daƙiƙa guda. Gajeren bugu yana nufin 1, dogo yana nufin 0. Kowane kan jirgi yana ɗauke da 'yar dikoda da ba ta wuce girman farce ba, tana da lambarta, sabuwa dal kuwa da lamba 3 take zuwa. Kamar mai shela ne a tashar mota yana kiran lambar tikiti: kowa yana ji, amma mai lambar kaɗai ke tashi.

Na haɗa akwatin DCC ɗin da tsohuwar kwamfutata, na sa manhajar JMRI, wadda kyauta ce, wani malamin fiziya a jami'ar Kalifoniya ta Berkeley, Bob Jacobsen, ya fara ta. A cikinta za ka zana taswirar layinka a fuskar kwamfuta, ka danna wuri a taswirar, abin ya motsa a kan katako. Sai na ce saura faifai irin na York.

Na sayi na roba wanda ake haɗawa da hannu, gadarsa santimita 30, ba shi da inji. Masu kuɗi suna sayen wanda ya zo da komai nasa, mai tsayawa a wurare 48, digiri 7.5 tsakanin kowanne, da sakatar da ke kama gadar idan ta iso. Ni na ce zan yi nawa. Na samo ɗan allon Arduino, na koya masa sauraron saƙon da ke bin layi. Na samo ɗan inji mai juyawa taku-taku, samfurin 28BYJ-48, mai arha, irin wanda ke kaɗa fikafikan iyakwandishan. Shi wannan inji ba ya gudu sai da ƙirga: ka ce masa taku 500, ya yi 500 ya tsaya. Layi huɗu ne a bakin ramina, ɗaya na shigowa, uku na shiga rumfa. Kowanne na ba shi adireshi a JMRI kamar yadda ake ba na'urar canja layi, ta yadda idan na danna layi na biyu a taswira, kwamfuta ta kira adireshinsa, Arduino ya ji, inji ya yi takun da zai kai gadar can.

A faɗa da baki da sauƙi. Dare uku na yi ina danna taswira gadar ko gezau. Ashe adireshin irin waɗannan na'urori rukuni-rukuni ake jera su, huɗu-huɗu, kuma wasu masu ƙera kaya daga rukuni na 0 suke fara ƙirga, wasu daga na 1. Ina kiran 201, Arduino yana jiran wata lamba da ta goce da huɗu. Da na warware wannan sai wuta ta fara haɗewa: duk sa'ad da gadar ta yi rabin zagaye, ƙarfenta na dama ya koma hagu, da ƙafar jirgi ta taɓa mahaɗar sai komai ya ɗauke. Maganin wannan wata 'yar na'ura ce da ke jin haɗewar, ta juya wayoyin gadar tun kafin babban akwati ya farga, kuma tunda a DCC dikoda ce ke yanke gaba ko baya, jirgin bai ma san an yi ba. Sai kuma wasan da ke tsakanin haƙoran giya: idan gadar ta iso layi daga dama ta tsaya daidai, daga hagu kuwa ta gaza da ɗan kaɗan. Na rubuta wa Arduino cewa ko daga ina ta taho, ta wuce kaɗan ta dawo, domin kullum ta ƙarasa daga ɓangare guda.

Duk ukun nan ni na gano su, ni kaɗai, da karatu, da tsakar dare. Kai ya fara kumbura. Idan Abba ya buɗe baki zai ba da shawara sai in ce, "Riƙe fitilar dai."

Inji mai taku bai san inda yake ba, takunsa kawai yake ƙirgawa, don haka sai an ba shi mafari. Na manna ɗan maganaɗisu a ƙarƙashin bakin gadar, na sa sensa mai jin maganaɗisu a bangon ramin. Duk sa'ad da aka kunna wuta, gadar ta lallaɓa a hankali har ta iske sensar, nan ne sifili. Daga sifilin na auna kowane layi da ido, taku ɗaya ɗaya, na rubuta lambarsa. Gadar tana kai da komo tsakanin waɗannan lambobi kamar yatsa a kan rula, ba ta taɓa kuskure.

Amma na ƙara abu guda don nishaɗi. Wani jan maɓalli a taswirar, idan an danna gadar ta yi cikakken zagaye ta dawo inda take. Lissafinsa ba wuya. Cikin injin yana yin ƙananan taku 64 a zagaye, giyarsa kuma, in ji takardar da na karanta, tana rage gudu sau 64. Sau 64 na 64 shi ne 4096. Na rubuta 4096. Na gwada tun ban shimfiɗa layuka a bakin ramin ba, na ga ta zagayo ta tsaya kamar a inda ta tashi, na wuce wurin. Ni ban cika taɓa maɓallin nan ba, don abin da ke burge ni shi ne shigar da kan jirgi rumfa da fito da shi. Abba kuwa ba abin da yake so kamarsa. Sai ya ɗora baƙin kan jirginmu a gadar ya yi ta kallon sa yana juyawa.

Daga nan aka fara. In dawo daga aiki in tarar da kan jirgi a karkace a bakin rami. In kashe wuta, in ɗaga shi, in kunna, gadar ta nemo sifilinta, in gwada layukan huɗu, kowanne cif. To me ya faru? Sai abu guda: wani ya tura gadar da hannu. Giyar injin ta roba ce, turawa da ƙarfi tana iya sa ta tsallake. Na ja wa Abba kunne. Ya ce bai taɓa ba. Aka sake. Na ɗaga murya. A karo na uku an sami tsaga a fitilar gaban jirgin.

Na kira shi gindin tsani. Na ce, "Abba, gaya mini gaskiya, ba zan yi maka komai ba."

Ya ce, "Wallahi Baba ban taɓa ba. Idan na danna jan nan ne yake wucewa kaɗan."

Har yau ina jin maganar nan da muryarsa. Yaron ya miƙo mini amsar a tafin hannu, ni kuwa abin da na ji shi ne yana neman ɗora wa aikina laifi, har da rantsuwa. Na ce jan maɓallin zagaye ɗaya yake yi, ba ƙari ba ragi, ni na rubuta shi, kuma kwamfuta ba ta ƙarya, mutane ke yi. Na ce abin da ya fi fitilar ɓata mini rai shi ne mai sunan mahaifina ya dubi idona ya rantse a kan ƙarya. Wannan kalma ta ƙarshe ita ce ba ni da hanyar janyewa. Bai yi kuka a gabana ba. Ya sunkuyar da kai ya shige ɗakinsu.

Da dare maman yara ta ce, "Baban Abba, ka danna abin da ya ce ka gani mana." Na ce mata kada ta ɗaure masa gindi. Tsanin yana taku biyar daga inda nake zaune, gwajin kuma ba zai ci minti biyu ba. Ban hau ba. Washegari na sayo kwaɗo.

Abin takaicin shi ne kwaɗon ya ba ni gaskiya. Kwana 18 ba jirgin da ya kauce. Kowane dare sai in sauko da tabbacin cewa hukuncina ya yi daidai, har in ji tausayin kaina a matsayin uban da ya daure ya yi tarbiyya.

Ranar Asabar wani dattijo Bature daga ƙungiyar masu ƙananan jirage ta unguwarmu ya zo ganin faifan, don na cika su da labarinsa. Na buɗe kwaɗo muka hau. Na nuna masa layukan, ya gyaɗa kai. Sai na ce bari in burge shi, na ɗora baƙin jirgin na danna ja. Gadar ta zagayo da kyau ta tsaya. Idona yana kan kwamfuta, na ba jirgin hanya. Ƙafafun gaba suka sauka a inda babu ƙarfe, ya tuntsure gefen ramin, bututun hayaƙinsa ya ɓalle ya gangara ƙarƙashin gadar.

Dattijon bai ce komai ba tukuna. Ya sa gilashi, ya ɗora farce a mahaɗar layin, ya ji tazarar. Ya tambaye ni taku nawa na ba shi a zagaye. Na ce 4096. Ya ce, "Ƙirgawa ka yi, ko karantawa?"

Bayan ya tafi na rubuta 'yan layuka, na sa Arduino ya ƙirga takunsa daga maganaɗisu zuwa maganaɗisu. Ya ba ni 4076. Na sake, 4076. Na sake, 4075. Giyar da ke cikin irin injin da na samu ba sau 64 cif take ragewa ba, wajen 63.68 ne, don haƙoran ba su rabu daidai ba, takardu da yawa kuwa suna cike lambar su rubuta 64. Ga mai kaɗa fikafikan iyakwandishan wannan bai dame shi ba. Ga gadata kuwa, kowane dannin ja yana wuce wuri da taku ashirin, kusan digiri 1.8, wanda a bakin gada mai nisan santimita 15 daga cibiya ya kusa milimita 5. A layin da duka faɗinsa 16.5 ne, ko milimita ɗaya ta isa ta kayar da jirgi. Kuma duk sa'ad da na kashe wuta na kunna don in bincika, gadar ta koma sifili, da hannuna nake share shaidar da za ta wanke yaron.

Gyaran ma bai tsaya a canza lamba ba. Ainihin zagayen 4075 ne da 'yan kai, ba cikakkiyar lamba ba, duk wadda na zaɓa kuskure zai riƙa taruwa a hankali. Sai na daina dogara da ƙirgar gaba ɗaya: na sa duk lokacin da maganaɗisun ya gifta sensar, Arduino ya watsar da abin da yake zato ya koma sifili. Rabin sa'a ya ɗauke ni. Na zauna a kan bokitin fenti har aka kusa asuba, saukowar ce ta gagare ni.

Mahaifina, idan ya doke ɗayanmu bisa kuskure, ba ya cewa komai. Da yamma sai ya dawo da tsire a ƙunshe cikin jarida, ya ajiye gaban wanda aka zalunta, ya wuce. Kowa a gidan ya san fassarar tsiren. Ni ma hanyar na bi. Na cire kwaɗon ba tare da sanarwa ba, na sayo taragu biyu masu kyau na ajiye a kan gadon Abba. Ya ce, "Na gode, Baba." Kwana uku kwalayen suna nan a rufe. Mamansa ta ce mini, ba ta ko ɗago kai daga tukunya ba, "Ba tarago ya rasa ba."

Na so in ce laifin tashi a Turai ne, yaran nan ba su san yaren tsire ba. Sai na tuna wata rana da aka ce na ɗauki kuɗi a aljihun rigar mahaifina, daga baya aka gan su a ɗaya rigar. Na ci tsiren ranar, har na lashe yajin. Ga shi shekara talatin da wani abu, ina iya gaya maka launin rigar.

A mota na faɗa, ranar Lahadi muna dawowa daga islamiyya, don a mota ba sai an haɗa ido ba. Na ce, "Abba, maganar jirgin nan, ba kai ba ne. Lissafina ne ba daidai ba. Na ce ka yi ƙarya, ba ka yi ba. Ka yafe mini." Bakina ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse, musamman da yake mai sunan mahaifina nake kira.

Ya ɗan jima yana kallon taga. Ya ce, "Ai na gaya maka, Baba."

Na ce, "Ka gaya mini."

Muka wuce fitilar hanya biyu ba wanda ya yi magana. Sai ya ce, "Da nawa yake wucewa?"

Na ce taku ashirin.

Ya ce, "Ai na ce kaɗan ne."

An yi wata takwas yanzu. Na manne bututun hayaƙin, ya ɗan karkace, na bar shi haka. Ramukan kusoshin sakatar suna nan a jikin murfin. Na gaya wa Abba sau da yawa cewa ɗakin nasa ne, ya hau duk lokacin da ya ga dama, amma har yanzu idan ina sama sai ya tsaya a gindin tsani ya ce, "Baba, in hau?" Idan ba na nan kuwa, mamansa ta ce ba ya hawa.

Jiya ma ya tambaya, na ce ya hau. Ya ɗora baƙin jirgin a gada, ya danna ja sau uku a jere. Da ta tsaya bai ba shi hanya ba. Ya kwantar da kumatunsa a kan katako, ya rufe ido ɗaya, ya daɗe yana duban mahaɗar, sannan ya sa farce ya shafa.